Hoton da Mai Shi Ba Ya Iya Buɗewa: Batun Nauyi da Suna a Hotunan Guéchémé

Kullum ana ɗaukar hotuna a ƙauyukan Arewa ta jahar Doso a Nijar. Kaɗan ne daga cikinsu ke hawa shafukan intanet a yanayin da ɗan ƙauye zai iya gani, ko mai nema ya iya samu. Gyaran wannan matsala ba ya cin kuɗi, tsari kawai yake so.

Guéchémé ƙaramar hukumar karkara ce a cikin kwarin Dallol Mawri, ba nisa da iyakar jihar Kebbi ta Najeriya. Da can tana ƙarƙashin Dogon Dutsi. A 2011, da aka ƙara yawan gundumomin Nijar daga 36 zuwa 63, sai aka yanke Tibiri ta zama gunduma mai cin gashin kanta, ta tafi da Guéchémé da Douméga da Koré Maïroua. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum sama da dubu 100 a wannan ƙaramar hukuma, akasarinsu manoman gero da wake da gyaɗa, sai masu lambu a fadama, da makiyaya.

A yau babu ranar kasuwa, ko taron suna, ko wasan kokawa da zai wuce ba a ɗaga waya sama ba. Malamin lakwal yana ɗaukar ajin zana da iska ta kwashe. Ma'aikacin ƙungiyar agaji yana ɗaukar rijiya kafin gyara da bayan gyara. Sakataren ƙungiyar manoma yana ɗaukar buhunan iri ranar rabo. Amma wanda ya rubuta sunan garin a akwatin nema na intanet, abin da zai tarar bai kai ko kusa da abin da ke cikin wayoyin mutanen garin ba.

Ana yawan ɗora laifin a kan rashin rezo, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai akwai wasu dalilai biyu da ke hannunmu: hotunan sun yi nauyi, kuma ba su da suna. Nauyin yana hana mutanen yau gani. Rashin sunan yana hana mutanen gobe samu.

Lissafin mega

Hoton waya tarin ƙananan ɗigogi ne masu launi, waɗanda ake kira fiksel. Wayar da aka ce kyamararta megafiksel 12 ce, tana fitar da hoto mai ɗigo 4000 a faɗi da 3000 a tsaye, jimilla miliyan 12. Irin wannan hoto yakan kai megabait 3 zuwa 5. Allon wayar da za a kalle shi kuwa, faɗinsa yawanci ɗigo 720 ne ko 1080. Ke nan mai kallo yana biyan kuɗin saukar da ɗigogin da idonsa ba zai taɓa gani ba.

A ɗauka wata ƙungiya ta sa hotuna 20 na aikin gina rijiyoyi a shafi ɗaya, kowanne megabait 4. Wanda ya buɗe shafin ya kashe mega 80 a zama guda. In layinsa yana jan megabit ɗaya a daƙiƙa, hoto guda zai ci daƙiƙa 32, shafin duka kuma ya haura minti 10. A inda waya ta koma kan tsohon layi mai nuna harafin E a saman allo, hoto ɗaya ma sai ya ci mintoci. Da an rage kowane hoto zuwa kilobait 200, da shafin gaba ɗaya mega 4 zai ci, wato nauyin hoto guda na farko, kuma ba wanda zai lura da bambanci a allon waya.

Wannan lissafi ya fi ciwo a ƙasa irin Nijar. Ƙididdigar hukumomin duniya ta 'yan shekarun nan ta nuna masu amfani da intanet ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a ba, masu wutar lantarki kuma wajen kashi ɗaya cikin biyar ne, yawancinsu a birane. Kusan kowa ta waya yake shiga, da 'yan megan da ya saya a wurin Airtel, ko Moov Africa, ko Zamani Telecom wanda ya gaji Orange, ko Niger Telecom. A ƙauye cajin ma biya ake yi a shagon mai sola. Mutanen jahar Doso ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da ke biyowa ta Birnin Kebbi zuwa Doso da Yamai, aka shafe watanni ana lallaɓa batir. Duk daƙiƙar da waya ta yi tana jan hoto, mega da caji take ci tare.

Ana ƙoƙarin faɗaɗa hanyar. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin sadar da ƙauyukan Nijar da layin waya da intanet, a 2025 kuma kamfanin intanet na Starlink ya fara aiki a ƙasar bisa izini. Amma kafin wannan ya game kowane ƙauye, mai shafi yana da abin da zai iya yi yau ba tare da jiran kowa ba: ya rage kayan da yake ɗora wa hanyar.

Abubuwa uku da ake ragewa

Na farko girma. Hoton da zai cika faɗin shafi, ɗigo 1600 a ɓangarensa mafi tsawo sun ishe shi. Na cikin rubutu, 800 zuwa 1000. Ɗan ƙaramin da ake dannawa a jerin hotuna, 300 zuwa 400. Daga 4000 da 3000 in aka sauko 1600 da 1200, ɗigogin sun ragu daga miliyan 12 zuwa ƙasa da miliyan 2. Sharaɗi guda ne: tsawo da faɗi su ragu tare, in ba haka ba fuskar mutum ta miƙe ko ta baje. Kuma ƙaramin hoto ba a kumbura shi, domin ɗigon da babu ba ya dawowa, dishi-dishi kawai za a samu.

Na biyu matsi. Tsarin JPEG, wanda aka tsayar a 1992, yana zubar da bayanan da ido bai cika lura da su ba. Manhajoji suna ba da ma'auni daga 1 zuwa 100. Tsakanin 75 da 82 nan ne daidai ga yawancin hotuna. Ƙasa da 60 sai a fara ganin dabbare-dabbare a sararin sama da kan fata. Duk lokacin da aka sake adana hoton JPEG yana ƙara lalacewa, don haka a kan hoton asali ake yin aikin, sau ɗaya.

Na uku nau'in fayil. JPEG na hoton mutane da wurare ne. PNG na tambari da zane da taswira ne, in aka zuba hoton kasuwa a cikinsa nauyi zai ninka. WebP, wanda Google ya fitar a 2010, kamfanin ya ce ya fi JPEG sauƙi da kashi 25 zuwa 34 cikin 100 a inganci ɗaya. Akwai kuma AVIF na 2019, wanda ya fi matsewa. Sai dai wanda yake yi wa mutanen karkara aiki ya tuna da tsofaffin wayoyin da ke hannunsu. JPEG kowace waya tana buɗe shi, kuma ana tura shi daga waya zuwa waya ba gardama.

Wasu sukan ce ai shafin da kansa yana ragewa. Gaskiya ne, tun 2019 WordPress, manhajar gina shafuka, yana sauko da duk hoton da ya wuce ɗigo 2560. Amma kafin ya rage, sai ka fara tura masa megabait 4 ɗin nan daga Guéchémé, a kan layin da turawa ta fi saukarwa wahala. Wasu kuma sun mai da WhatsApp injin rage hoto: su tura wa kansu, su sauke. Yana ragewa kam, zuwa wajen ɗigo 1600, amma shi ke zaɓar matsin, kuma ya maye gurbin sunan da nasa.

Aiki a dunƙule

Rage hoto ɗaya ba wuya. Wahalar tana zuwa ne in ma'aikaci ya dawo daga zagayen ƙauyuka da hotuna 300, rahoto kuma gobe ake jiransa a Doso. Mai yi ɗaya bayan ɗaya zai gaji a na talatin, ya tura sauran yadda suke. Shi ya sa aka ƙirƙiri aiki a dunƙule: ka faɗa wa manhaja ƙa'ida sau ɗaya, ta bi hotunan duka ta aiwatar, cikin mintoci.

Kayan aikin sun daɗe, kuma ba sa bukatar intanet bayan an sauke su. IrfanView, wanda Irfan Škiljan ɗan asalin Bosniya ya fara fitarwa a 1996, ƙaramar manhaja ce da tsohuwar kwamfuta ma ke ɗauka. In ka danna harafin B sai taga ta buɗe inda ake haɗa ragewa da sauya suna a lokaci guda. XnConvert na Bafaranshe Pierre-Emmanuel Gougelet yana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma yana magana da Faransanci, abin da zai sauƙaƙa wa wanda ya yi lakwal a Nijar. PowerToys na Microsoft yana da kayan ragewa da na sauya suna. Masu rubuta umarni da hannu suna da ImageMagick, wanda John Cristy ya fara a 1987, da ExifTool na Phil Harvey. A hattara da umarnin mogrify na ImageMagick: in ba a nuna masa wata folda ta daban ba, a kan hotunan asali yake rubutawa, kuma ba ya tambaya. A waya ma akwai manhajojin da ke rage hotuna da yawa a tashi ɗaya, sai dai a zaɓi wadda ke aiki ko an kashe data, don a tabbata ba tura hotunan take yi wani wuri ba.

Ƙungiyoyin da ke tattara bayanai da KoboToolbox ko ODK suna da hanya mafi sauƙi: tun wurin tsara takardar tambayoyi ana iya ƙayyade iyakar ɗigon hoto, sai wayar ma'aikaci ta rage shi kafin ta tura. Layi ɗaya ne a cikin tsarin, amma yana iya hana ma'aikaci hawa babur neman inda rezo ke da ƙarfi.

Jerin matakan yana da muhimmanci. A fara kwafe hotunan duka cikin foldar asali, wadda ba a taɓawa. A zubar da masu dishi-dishi da waɗanda aka maimaita. A sauya suna. A daidaita tsayuwar hoto. A rage girma, a matse. A goge bayanan ɓoye. Daga ƙarshe a buɗe biyar ko goma a waya a duba da ido kafin a ɗora. Manomi ba ya kai irin shukarsa kasuwa. Abin da ya sussuka yake kaiwa, iri yana rumbu. Haka hoton asali yake: shi a ajiye, kwafi a fitar.

Wace Tibiri, wace Arewa?

Kyamara ba ta san abin da ta ɗauka ba. Sunan da take bayarwa irin su DSC_0457 ne, ko IMG da kwanan wata da sa'a. Wanda ya bi ta WhatsApp yana fitowa da WA da lamba huɗu a ƙarshe. In ma'aikata uku suka haɗa hotunansu a folda ɗaya, ba mamaki a sami biyu masu suna iri ɗaya, ɗaya ya danne ɗaya. Bayan shekara biyu, wanda ya ɗauka an yi masa canjin wurin aiki, ba mai iya cewa wannan rijiyar ta wane ƙauye ce.

A wannan yanki matsalar ta ninka. Tibiri biyu ce sanannu a Nijar: ta jahar Doso, da Tibirin Gobir da ke kusa da Maraɗi. Fayil mai suna tibiri kawai, rabin masu gani za su kai shi Gobir. Sunan Arewa ma haka: a bakin mutanen nan ƙasar Arawa ce, ta Matankari da Dogon Dutsi da Lugu, garin Sarauniya da ta tari sojojin Faransa na Voulet da Chanoine a 1899. A intanet kuwa, wanda ya nemi Arewa, arewacin Najeriya ce za ta cika masa allo. Dogon Dutsi kansa ana rubuta shi Dogondoutchi, ana taƙaita shi Doutchi. Hoton da ba a ɗaure shi da cikakken suna ba, a cikin wannan ruɗani yake ɓacewa.

Tsari mai kyau yana amsa tambaya uku: yaushe, ina, mene ne. Misali: 2024-11-08-guecheme-dosso-girbin-gero-007.jpg. Shekara ce a gaba, sai wata, sai rana, bisa ƙa'idar duniya ta ISO 8601, domin da haka ne fayiloli ke jeruwa da kansu daga na farko zuwa na ƙarshe. Lambar ƙarshe tana da sifili a gaba, don kada kwamfuta ta sa 10 kafin 2. A IrfanView da XnConvert, alamar # sau uku ita ke haifar da wannan lamba. Abu mafi muhimmanci shi ne ma'aikata ko ƙungiya ta zaɓi rubutu ɗaya ga kowane ƙauye, ta rubuta jerin a takarda, kowa ya bi.

Sauran ƙa'idojin kaɗan ne. Ƙananan haruffa zalla, domin yawancin kwamfutocin da ke ɗauke da shafuka suna ɗaukar Rijiya.jpg da rijiya.jpg a matsayin abu biyu. Ba a barin fili tsakanin kalmomi, karan ɗori ake sawa, don fili yana rikiɗa ya zama %20 a adireshi. Haruffa masu lanƙwasa da masu alama a ka su ma rikiɗa suke yi: ƙ ta zama %C6%99, sunan Guéchémé mai é uku ya koma Gu%C3%A9ch%C3%A9m%C3%A9. Sabbin manhajoji suna jure wannan, amma a wurin kwafe shafi daga wata kwamfuta zuwa wata, ko tura adireshi ta saƙo, nan mahaɗin ke karyewa.

Kada a ɗauki wannan a matsayin izinin yar da ƙa'idar rubutun Hausa. Sunan fayil adireshi ne na na'ura. Bayanin da ke ƙarƙashin hoto kuwa na mutane ne, a nan dole ɓ da ɗ da ƙ su fito da lanƙwasarsu, har da ƴ ga mai bin ƙa'idar Nijar. Haka ma gurbin bayanin madadi, wanda manhajar makafi ke karantawa da murya, kuma shi ke bayyana in hoto ya ƙi buɗewa. A wurin da rezo ke yankewa, sau da yawa wannan jimla guda ita ce kaɗai abin da mai karatu zai samu. Google ma a shawarwarinsa ga masu shafuka ya ce suna mai ma'ana da bayanin madadi suna taimaka masa gane abin da ke cikin hoto.

Abin da hoto ke ɓoyewa

A cikin kowane hoton waya akwai bayanan da ido ba ya gani, ana kiransu Exif: ranar ɗauka da sa'a, samfurin waya, yadda aka riƙe ta, in kuma an kunna nuna wuri, har da lambobin da za su kai mutum ƙofar gidan da aka yi ɗaukar. Facebook da WhatsApp sukan cire su daga hoton da jama'a ke gani. Shafin da ƙungiya ta gina da kanta ba lallai ya cire ba.

Hoton matan da suka karɓi tallafin kuɗi, ko na garken makiyayi, ko na ɗakin ajiyar hatsi na ƙauye, in ya fita da lambobin wuri a jikinsa, ya zama jagora ga wanda ba a gayyata ba. A yankin kan iyaka, a wannan zamani da tsaro ke damun kowa, ba abin wasa ba ne. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Tun kafin doka ma, al'ada ta san sirrin gida. A nemi yardar mutum kafin a ɗauke shi, a faɗa masa inda hoton zai je, kuma kada a sa sunan yaro ko na majiyyaci a sunan fayil.

Gogewar akwati ɗaya ce da ake dannawa a manhajar aiki a dunƙule, amma tana da lokacinta. In aka goge kafin sauya suna, ranar ɗauka ta tafi, manhaja ba ta da inda za ta ciro ta. In aka goge kafin daidaita tsayuwa, hotunan da aka ɗauka a tsaye sai su fito a kwance. Sunan mai ɗauka ma yana iya tafiya tare da sauran, don haka a rubuta shi a fili a ƙarƙashin hoto. Haƙƙinsa ne.

Inda ba a ragewa

Akwai wurin da ƙa'idar ke juyawa. Wikimedia Commons, ma'ajiyar da Wikipedia ta Hausa da ta sauran harsuna ke ɗebo hotuna, ta fi son hoton asali da cikakken girmansa, domin ita da kanta take yanka ƙananan kwafi daidai da allon mai kallo. Amma a batun suna ba ta sassauci: in ka kawo mata fayil mai sunan kyamara zalla, sai ta ce ka sauya. Gasar Wiki Loves Africa, wadda Florence Devouard da Isla Haddow-Flood suka fara a 2014 da jigon abinci, kowace shekara tana buɗe ƙofa ga duk mai hoton Afirka da ya yarda a yi amfani da shi kyauta tare da ambaton sunansa. Matashin Guéchémé da ya shirya hotunansa da suna da bayani a gida, zai iya jiran ranar da ya shiga Dogon Dutsi ko Doso ya ɗora su a kan layi mai ƙarfi.

Wannan shi ne dalilin ajiye asali a wuri biyu, kwamfuta da wani faifai na daban, ba katin waya kaɗai ba, wanda zafi da ƙura da sata ke cinyewa. Abin da duniya ta sani a rubuce game da ƙasar Arawa, da yawansa baƙi ne suka tattara, irin su Marc-Henri Piault da ya wallafa tarihin Mawri, wato Arawa, a 1970, da Adeline Masquelier da ta yi bincike a Dogon Dutsi. Aikinsu ya rayu ne saboda sun rubuta rana da wuri a kan abin da suka tara. Yau kayan ɗauka suna aljihun 'ya'yan ƙasar, sauran rubuta ranar da wurin.

Wa zai ɗauki nauyin?

Aikin bai fi ƙarfin kowa ba. Ofishin magajin gari zai iya fitar da takarda guda mai ɗauke da rubutun sunayen ƙauyuka da tsarin sunan fayil. Ƙungiyoyin agaji za su iya sa wa ma'aikatansu iyakar nauyin hoto, kuma su gwada shafinsu da ƙaramar waya a ƙauyen da suka yi aikin, ba a ofishin Yamai ba. Masu shagon kwamfuta da ke buga takardu da hotunan katin shaida za su iya koyon wannan a yini ɗaya, ya zama musu ƙarin sana'a. Malamin sakandare mai kwamfuta guda zai iya nuna wa ɗalibai a darasi ɗaya.

Ma'aunin da ya kamata a riƙe mai sauƙi ne. Matar da aka ɗauka tana jan ruwa a sabuwar rijiya, ɗanta ya iya buɗe shafin da wayarsa, da megan da ya saya da kuɗinsa, ya nuna mata. Jikanta kuma, in ya nemi sunan ƙauyensu bayan shekara 30, ya same ta. Duk shafin da ya kasa cika waɗannan biyun, don wasu aka yi shi, ba don mutanen da ke cikin hoton ba.